Kaska ƙwaro ce ko ba ƙwaro ba ce? Ina neman kalmar da zan faɗa wa makiyaya

Mai shirin makiyaya, Zango

Assalamu alaikum. Ina gabatar da wani ɗan shiri na noma da kiwo a wani gidan rediyo a nan Damagaram, kuma galibin takardun da nake dogara da su da Faransanci suke zuwa, sai in zauna da dare in mayar da su Hausa. Makon jiya, da yake damina ta kankama kuma kaska ta fara addabar dabbobi, na buɗe shirin da cewa kaska ƙwaro ce mai shan jini. Ban kai rabin shirin ba sai wani bawan Allah ya bugo waya, ya ce shi malamin makaranta ne, ya ce in daina ɓatar da jama'a, domin kaska ba ƙwaro ba ce, ƴar uwar gizo-gizo ce da kunama. Na karɓi gyaran da hannu biyu, na kuma maimaita shi kowa yana ji.

Ranar Alhamis da na shiga kasuwar Dole, wani dattijo mai kiwon awaki wanda ya shaida muryata ya riƙo hannun rigata yana dariya, ya ce, "Ɗana, in kaska ba ƙwaro ba ce, to tsuntsuwa ce?" Mutanen da ke wurin suka tuntsire da dariya, ni kuwa na rasa ta cewa.

Abin da ya kawo ni ke nan. Takardar da ke hannuna tana amfani da kalmomi uku, wato tique da acarien da acaricide. Ta farko ba ta ba ni wahala ba, kaska ce. Ta biyun ce ta tsaya mini a wuya, domin takardar ta ce kaska tana cikinsu, abin da ke kawo ƙazuwa yana cikinsu, har da wani abu mai lalata tumatir, kuma ban san wata kalmar Hausa guda da ta tattara waɗannan ba. Ta ukun kuwa sunan maganin da ke kashe su ne. Sa'an nan ga sunayen ire-iren kaska irin su Hyalomma da Amblyomma da Rhipicephalus, waɗanda harshena ma ba ya juya su daidai. Shin in karanta su ga makiyayin da ke saurare a bakin rijiya, ko in tsallake su? Ina roƙon masu sani su taimake ni kafin shiri na gaba.

Malamin ilimin halittu, Garin Malam

Wa alaikumus salam, Malam. Ni ma malamin makaranta ne, amma ba ni ne na bugo maka waya ba, kuma da ni ne da ban yi maka wannan gyaran ba, domin a ganina dattijon kasuwa ya fi abokin aikina gaskiya. Mu da muka yi karatu da Faransanci mun ɗauka cewa "ƙwaro" daidai take da insecte, alhali kalmarmu ta fi tasu faɗi nesa ba kusa ba. Bahaushe yana kiran kunama mugun ƙwaro, gizo-gizo ƙwaro ne a wurinsa, haka ma shanshani mai ƙafafu barkatai. Ita kuwa insecte kalma ce da masana suka ƙuntata ta da gangan ga halittar da jikinta ya kasu uku, kai da ƙirji da ciki, mai ƙafa shida da ƴan ƙahoni biyu na sansano abu, sau da yawa kuma da fukafukai. Ƙuda da sauro da fara suna ciki, haka ƙuma da ƙwarƙwata da kuɗin cizo, ko da yake su ukun nan ba sa tashi. Kaska ba ta cika sharuɗɗan ba, domin ba ta da ƙahonin sansano, ba ta da fiffike, jikinta kuma dunƙule yake ba wuya ba ƙugu. Saboda haka da Faransanci ba insecte ba ce, amma da Hausa ƙwaro ce, kuma ba mu da dalilin rage wa kalmarmu faɗi don ta yi daidai da ta wasu.

Tsarin da masana suka yi kamar tsarin dangi ne. Akwai babbar zuriya da suke kira Arthropoda, wato masu ɓawo a jiki da ƙafafu gaɓa-gaɓa, inda har ƙaguwa take ciki. A cikinta akwai gidan masu ƙafa shida, akwai kuma gidan Arachnida na masu ƙafa takwas, wanda aka samo sunansa daga kalmar Girkanci mai nufin gizo-gizo. A cikin wannan gida na biyu ne ake samun ɗakin Acari, daga wata kalmar Girkanci da ake kiran ɗan mitsitsin abu da ita, kuma daga nan acarien ta fito. Kaska ita ce babbar ɗakin, wadda ba ta da abinci sai jini. Irin kaska da aka sani a duniya sun kai wajen 900, sauran ƴan ɗakin kuwa waɗanda aka ba suna sun kai wajen 50,000, kuma mafi yawansu ba su kai milimita ɗaya ba. Dalilin da ya sa Hausa ba ta raɗa musu suna ke nan. Kakanninmu sun ba ciwon suna, sun ce ƙazuwa, amma abin da ke kawo shi, da ƙyar ido yake ganin sa in ba da madubin likita ba. Wanda dai kowa ya sani a cikinsu shi ne ɗan jan ƙwaron nan mai laushi kamar karammiski, wanda yake fitowa a kan rairayi bayan ruwan farko, yara suna ɗora shi a tafin hannu. In ka kifar da shi ka ƙirga ƙafafunsa za ka samu takwas.

Game da sunayen da suka gagari harshenka, tsarin ba kowace halitta suna biyu ya samo asali daga wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Linnaeus, kuma daga shekarar 1758 ake fara lissafin sunayen dabbobi. Sunan farko na dangi ne, na biyu na mai shi. In ka fasa su za ka ga ba wani sirri a ciki, kwatance ne irin wanda makiyayi yake yi wa saniyarsa. Hyalomma na nufin mai ido kamar gilashi, Amblyomma mai dusasshen ido, Rhipicephalus mai kai kamar mafici, Boophilus kuwa masoyiyar shanu. In ka ga dromedarii to ta raƙumi ce, variegatum kuma mai dabbare-dabbare. Wanda ya fi burge ni shi ne Ixodes, wanda daga gare shi aka samo sunan babban dangin kaska, Ixodidae. Tushensa kalmar da Girkawa suke kiran kauci da ita, da kuma danƙon da suke yi da ƴaƴansa don kama tsuntsaye. Ka ga abin da muke nufi in mun ce wane ya manne mini kamar kaska, shi suka nufa. Akwai ma wata kaskar Turai mai suna Ixodes ricinus, kuma ricinus da Latinanci kaska ce, ita ce kuma kalmar da aka sa wa zurma, saboda ƙwayar zurma kamar ƙosasshiyar kaska take, har da zanen.

Shawarata ita ce kada ka karanta sunayen, ka fassara ma'anarsu. Acarien kuma ka ce "dangin kaska", ka bayyana su da cewa ƙwari ne masu ƙafa takwas.

Tsohon ma'aikacin kiwo, Birni

Ɗana mai shiri, na yi shekara talatin da ɗoriya ina aikin dabbobi tsakanin Tanut da Gure da Magarya kafin in ajiye aiki, kuma na yarda da yawancin abin da malam ya faɗa. Sai dai zancen ƙafa takwas ina ja maka kunne a kansa, domin in ka faɗe shi haka kawai, wani yaron makiyayi zai kawo maka kaska mai ƙafa shida a cikin kwalin ashana, ka sake jin kunya. Kaska in ta ƙyanƙyashe daga ƙwai da ƙafa shida take fitowa, sai ta sha jini ta yi saɓa kamar maciji kafin ta samu takwas, ta sake shan jini ta sake saɓa kafin ta riƙa. Matakin farko shi takardarka za ta kira larve, na biyu nymphe. Kada ka fassara larve da tsutsa kamar yadda na ji wasu suna yi, domin ba ta yi kama da tsutsa ba ko kaɗan, kaska ce sosai wadda ba ta kai ƙwayar gero ba. Ni abin da nake faɗa wa makiyaya shi ne jaririya, matashiya da riƙaƙƙiya, kuma ba wanda ya taɓa neman ƙarin bayani. Amfanin wannan yana da yawa, domin da yawansu suna ɗauka ƴan ƙananan da ke kunnen akuya wani iri ne dabam marar illa.

Rabon da ya fi amfani a wurin aiki shi ne tsakanin mai garkuwa da marar garkuwa. Ixodidae da malam ya ambata suna da wani tauri a gadon baya wanda masana suke kira scutum, ma'anarsa garkuwa. A jikin namiji ta rufe bayan duka, shi ya sa ba ya kumbura, a jikin mace kuwa gaba kawai ta rufe, sai sauran jikin ya buɗe ta sha jini har nauyinta ya ninka sau ɗari ko fiye, ta faɗo ƙasa ta zuba ƙwai dubbai ta mutu. Marasa garkuwa su ne Argasidae, kuma wadda ta shafe mu a cikinsu ita ce ta akurki, Argas persicus. Ita riƙaƙƙiyarta ba ta zama a jikin kaza, cikin tsagar bango take wuni, da dare ta fito ta sha ta koma, shi ya sa mace za ta duba kajinta da rana ba ta ga kome ba alhali suna ramewa. Maganinta a bangon akurki yake, a yaɓe tsaga a share.

Na daɗe ina yawo da wani ɗan gilashin ƙara girma a aljihu, kuma ba abin da ya fi saurin shawo kan makiyayi kamar in ɗora masa kan kaska ya duba da idonsa. A tsakiyar bakin akwai wani ɗan tsinke da ake kira hypostome, jere da haƙora masu kallon baya kamar ƙayar ƙarangiya, shiga da sauƙi fita da wuya. Bayan haka tana zubo wani abu kamar siminti da ke liƙe bakin da fata, yawunta kuma yana hana jini daskarewa yana kashe zafin cizon. In aka fizge ta da ƙarfi sai bakin ya karye a ciki, wurin ya yi ƙurji, ƙuda ya bi, tsutsa ta shiga. Na ga shanu da yawa da suka rasa kan nono ɗaya ko biyu ta wannan hanya, domin masu dogon baki hantsa da ƙarƙashin wutsiya suke so. A ƙafafunta na gaba kuma akwai wani ɗan rami da ake kira gaɓar Haller, da shi take jin numfashin dabba da ɗuminta. Shi ya sa za ka ga wata ta hau kan ciyawa ta miƙa ƙafafun gaba sama tana jiran mai wucewa. Hyalomma kuwa ba ta jira. Ka zauna a gindin aduwa inda raƙuma suka yi ƙailula a wajen Tanut, ba za ka daɗe ba za ka gan ta, mai ƙafafu da zobe-zobe fari da ja, tana sheƙo gudu a kan rairayi ta nufo ka.

Ita ce kaskar arewa, mai jure fari. Amblyomma variegatum, wadda namijinta yake da ado a baya kamar an yi masa zane da ruwan tagulla, na fi ganin ta a kudu wajen Magarya da Matamaye inda ruwa ya fi yawa. Ita ce take tafiya da kirci, ita ce kuma take ɗauko ciwon da ke sa tunkiya ta riƙa tafiya tana ɗaga ƙafa, ta faɗi tana shure-shure, in an feɗe ta a tarar da ruwa ya taru a jakar zuciya. Kowane mataki nata a jikin dabba dabam take yin sa, ta sha ta faɗo, saboda haka yawancin rayuwarta a ƙasa take, kuma wanke garke sau ɗaya ba ya raba shi da ita. Boophilus, wadda yanzu aka mayar da ita ƙarƙashin Rhipicephalus, ita saniya guda take kamawa ta yi wajen mako uku a kanta tun tana jaririya har ta riƙa, kuma ita ce mai kawo zazzaɓin da ke sa fitsarin shanu ya yi ja. A kan wannan ciwon ne wasu masana biyu a Amurka, Smith da Kilborne, suka tabbatar a 1893 cewa kaska tana ɗaukar cuta daga dabba zuwa dabba, tun kafin a tabbatar da laifin sauro a kan zazzaɓi a 1897. Makiyayan can kuwa sun daɗe suna zargin kaska ana yi musu dariya.

Abu ɗaya nake roƙo kada ka bari ya wuce ka. Ka hana mutane murtsuke ƙosasshiyar kaska da farce ko fasa ta tsakanin yatsu, domin Hyalomma tana ɗauke da wani zazzaɓi mai sa zubar jini, wanda aka fara gani a Kirimiya a 1944, aka sake samun sa a Kwango a 1956, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe daga 10 har zuwa 40 cikin 100 na waɗanda ya kama. Dabbar da ke ɗauke da shi ba ta nuna alamar kome, ga shi kuma ana kamuwa ta jininta a wurin yanka. Ya ɓarke a Muritaniya a 2003, ƙasar da kiwonta irin namu ne. A kama kaskar da matsefata ko da leda a hannu, dab da fata, a ja a hankali, a jefa a wuta. Kaji da zabi da ke yawo cikin garke su ma suna rage ta, haka carki, ko da yake shi in ya samu gyambo ba ya barin sa ya warke.

Masu jima ma suna da ta cewa, domin fatar da kaska ta huda ko ƙazuwar awaki ta ci, sai an jeme ta tabon yake fitowa, kuma dukawan garin nan sun san abin da hakan yake rage wa kuɗinta.

Ma'aikaciyar jinya, Sabon Gari

Ina gaishe da Baba tsohon ma'aikacin kiwo da malamai. Ni ta ɓangaren mutane zan yi magana, kuma ina da ɗan tsoro game da "dangin kaska". Mai kawo ƙazuwa sunansa Sarcoptes scabiei, sunan farkon kuma yana nufin mai yankan nama. Macen ba ta kai rabin milimita ba, tana haƙa rami a saman fata tana zuba ƙwai a ciki, kuma duk ƙaiƙayin nan da ke hana mutum barci, galibi waɗanda ke jikinsa ba su wuce 10 zuwa 15 ba. Jiki ne yake yin faɗa da su da kashinsu, shi ya sa wanda ya kamu karon farko yakan yi mako huɗu zuwa shida kafin ya fara susa, alhali yana ta raba wa waɗanda suke kwana tabarma ɗaya. Muna duba tsakanin yatsu, wuyan hannu, hammata da ƙugu. Tun 1687 wasu Italiyawa biyu, Bonomo da Cestoni, suka nuna cewa wannan ɗan ƙwaro ne sanadin ciwon, amma har yau uwa takan zo mini da yaro ta ce zafi ne ko ɓacin jini. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙazuwa cikin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su, kuma ta ƙiyasta cewa a kowane lokaci mutane fiye da miliyan 200 suna fama da ita.

A wurin aiki "ƙwaron ƙazuwa" nake cewa, ba na cewa ƙwayar cuta, domin da zarar uwa ta ji ƙwayar cuta sai ta nemi allura ko kafso, in kuwa ta ji ƙwaro ne mai rai a cikin fata, nan take take gane dalilin shafa magani daga wuya har tafin ƙafa, da dalilin yi wa duk ƴan gida rana ɗaya, da wanke tufafi da ruwan zafi a shanya a rana. Ƙwaron ba ya wuce kwana biyu zuwa uku in ya rabu da jikin mutum.

Tsorona shi ne wannan. Na taɓa karɓar wani yaro da aka kawo daga ƙauye yana amai yana layi, ashe an ga yana susa sai aka wanke shi da ragowar maganin kaskar shanu. Allah ya yi da sauran kwanansa. In rediyo ya ce kaska da ƙwaron ƙazuwa dangi ne, kuma ya ce acaricide shi ne maganin dangin kaska, wani zai ɗauka kwalba ɗaya ta ishi saniya da yaro. Malam mai shiri, in za ka faɗi zumuncin, ka faɗi a numfashi ɗaya cewa maganinsu ba ɗaya ba ne.

Mai lambu daga Mirriya

Ni ba masani ba ne, amma rashin sanin wannan kalma ya taɓa cinye mini tumatir na shekara guda, saboda haka ina ganin ina da haƙƙin sa baki. Da zafi ya fara shigowa sai na ga ganye yana yin ɗigo-ɗigo fari kamar an watsa masa gari, daga baya ya yi rawaya ya bushe, a ƙarƙashinsa kuma ga wata ƴar saƙa kamar ta gizo-gizo. Na je wurin wani mai sayar da magani na ce ƙwari sun kama mini lambu, ya ba ni maganin ƙwari, na biya jika uku. Na fesa sau biyu, abin sai gaba yake yi kamar taki na zuba masa.

Wani malamin gona ne ya zo ya shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashin ganye ya kaɗa shi. Na ga wasu ƴan ɗigo kamar garin barkono, na zura ido sai na ga suna tafiya. Ya murza su da yatsa, suka bar jan layi a takardar. Ya ce wannan shi ne abin da ake kira araignée rouge, wato jan gizo-gizo, amma ba gizo-gizo ba ne, acarien ne, sunansa na masana Tetranychus. Ya ce maganin da na fesa na masu ƙafa shida ne, ya kashe ƙwarin da ke cinye su ya bar su suna sheƙe ayarsu, ga shi a lokacin zafi cikin mako ɗaya zuwa biyu ƙwai yake zama uwa. Ya nuna mini in duba kwalba in nemi inda aka rubuta acaricide, ya kuma ce farar wuta da ruwan ƴaƴan bedi suna taimakawa in an fara da wuri, kuma ƙarƙashin ganye ake fesawa.

Don haka ni ban goyi bayan a ɓoye kalmar baƙin ba. "Dangin kaska" tana da daɗin ji, amma ba ita aka rubuta a jikin kwalba ba, kuma in na je kanti na ce a ba ni maganin dangin kaska don tumatir, na dabbobi za a miƙo mini. Mun ari kalmomi da yawa mun hausantar da su ba wanda ya mutu. A ce akari, a ce akarisid, a koya wa mutane yadda rubutun yake.

Malamin ilimin halittu, Garin Malam

Baba ya kama ni a kan ƙafa shida, kuma na karɓa, sai a ce riƙaƙƙunsu ne masu takwas. Maganar Malama da ta mai lambu kuwa ta sa na sake tunani, domin ni aji nake tunawa, su kuwa kanti da ɗakin magani. Duk da haka ban janye "dangin kaska" gaba ɗaya ba, saboda akari kalma ce da ba ta kawo hoton kome a zuciyar wanda bai taɓa jin ta ba, kaska kuwa kowa ya san ta. Ina ganin a fara da tamu don a gane, a biyo da ta aro don a iya saye, kuma kowane a kira shi da wurin zamansa: kaskar dabbobi, ƙwaron ƙazuwa, akarin lambu. Ƙari a kan gargaɗin Malama, ko a tsakanin dabbobi maganin ba ɗaya ba ne, domin amitraz da ake wanke shanu da shi yana da haɗari ga doki, kuma Baba ya fi ni sanin wannan.

Mai shirin makiyaya, Zango

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Ga yadda na rubuta buɗewar shirin, wanda ya ga gyara ya faɗa kafin Talata: "Kaska ƙwaro ce, amma ba dangin ƙuda da sauro ba ce, ɗakinsu ɗaya da ƙwaron ƙazuwa da ɗan jan akarin da ke busar da tumatir. Zumuncinsu bai sa maganinsu ya zama ɗaya ba, na saniya ba ya hawa jikin yaro, ba ya shiga lambu." Sunayen Latinanci na cire su, na bar kaskar raƙumi mai ƙafa zobe-zobe, da mai ado ta kudu, da ta akurki.

Dattijon kasuwa zan neme shi ranar Alhamis in gaya masa shi ya yi gaskiya. Baba na Birni, in lafiya ta bari ina so ka zo mu yi shirin tare, domin tambayoyin da za su biyo bayan zancen jaririya da matashiya sun fi ƙarfina. In gilashin nan yana nan, don Allah ka taho da shi, ni ma ban taɓa ganin haƙoran ba.